Fentin da Na Ce Sai Kwana Arba'in

Akwasi Bempa ya bar Kumasi a shekarar yunwa, lokacin da gobarar daji ta cinye gonakin koko, ya dawo bayan shekara ashirin da ɗaya da akwati biyu da jar mota guda. Duk wanda ya je Jamus ya dawo Boga muke ce masa, ko da tukwane ya wanke a can, don haka tun ranar da ya sauka sunansa ya ɓace a unguwarmu ta Tafo, sai Boga. Ni ne Oduro, fentin mota nake yi a Magazin, unguwar makanikai ta Kumasi, tun ina da gashi a kai. Benci ɗaya muka zauna da shi a firamare, kuma ni ne mai leƙen lissafinsa. Abin da zan faɗa a kansa da hannuna dumu-dumu a ciki, shi ya sa na daɗe ina kewaye shi.

A Hamburg bai taɓa samun takardar zama ba. Ya fara da wanke kwanuka a wani gidan abinci, daga baya ya faɗa hannun wani dillalin tsofaffin motoci a bayan gari, ya shekara goma sha bakwai yana wanke masa motoci yana goge su kafin a sa a kasuwa. A can ya koyi abin da mu nan ba mu ɗauke shi sana'a ba. Mu in an ce wankin mota, bokiti ɗaya ne da garin sabulu da tsohuwar singileti. Shi bokiti biyu ne, ɗaya na sabulu ɗaya na ɗauraye tsumma. Tsumman taya daban, na gilashi daban, na jikin mota daban, kuma duk wanda ya faɗi ƙasa ya gama aiki ke nan har sai an wanke shi.

Motar BMW ce mai ƙofa biyu, silinda shida, ƙirar ƙarshen shekarun tamanin, ja wur. Wani ɗan garinsu mai takardu ya saye ta da sunansa, amma ta Bempa ce. Don gudu aka ƙera ta, a ƙasar da ake barin mutum ya taka mota son ransa a babban titi, amma shi bai taɓa taka ta ba, saboda ɗan sanda ɗaya in ya tsayar da shi, sai jirgin gida. Ranar Lahadi yake fito da ita, ya zagaya unguwa a hankali kamar mai ɗauke da tiren ƙwai, ya dawo ya goge ta ya lulluɓe. Da ya ba ni wannan labari na yi dariya har da hawaye. Shi bai yi ba.

Yana can uwarsa, Maame Afrakoma, ta rasu. Dangi suka ajiye ta a ɗakin sanyi na asibiti suna jiransa, don shi kaɗai ne ɗanta namiji. Matsalar ita ce marar takardu in ya fita ya fita ke nan, babu komawa. Kullum aka kira shi a waya sai ya ce mako mai zuwa. Mako mai zuwa ya yi ta zuwa har wata uku, sannan kawunsa ya buga sanda a ƙasa ya ce a binne 'yar'uwarsa, ta gaji da sanyi. Aka kai ta ƙauyensu can bayan Kumawu aka binne, aka yi kiɗa da kuka kwana biyu, kujerar ɗanta babu kowa a kai. Bayan wata biyar da binnewar sai ga Bempa ya tattaro ya dawo gaba ɗaya. Kowa ya ce a ransa abin da ba a faɗa a fili: tunda dai za ka iya dawowa, me ya hana ka dawo tun tana jira?

Kawun nan shi ne Nana Kwaten, yayan Maame Afrakoma uwa ɗaya, shugaban danginsu, tsohon manomin koko da ya haura tamanin. Mu Asante ɗa na dangin uwarsa ne, in kawunka ya juya maka baya ba ka da wurin tsayawa a biki ko a makoki. Gida ɗaya suke zaune a Tafo, Nana a ɗakin gaba, Bempa a na baya, yayarsa Adwubi a tsakiya tana ɗauke da su duka biyun. Kullum da safe Bempa zai zo ya rusuna ya ce, "Kawu, ina kwana?"

Nana zai kalli bishiyar mangwaron tsakar gida ya ce, "Adwubi, gaya wa baƙon Jamus mun tashi lafiya."

Haka aka yi ta yi. Adwubi ce ta yi ta bin tsohon da lallashi, yau ta daka masa fufu da miyar gyaɗa, gobe ta yi masa kuka, har ranar da ya ce, ba tare da ya kalli kowa ba, "Ranar cikar shekarar Afrakoma, in motar tasa tana tafiya, ya kai ni ƙauye."

Duk wanda ya san mu ya san abin da wannan magana take nufi. Motar da shugaban dangi ya sauka daga cikinta a gaban jama'a, mai ita ɗan gida ne, babu wanda zai ƙara ɗaga maganar. Abin da Bempa yake nema ke nan a duniya, ba gida ba, ba mata ba. Saura wata huɗu a lokacin.

Motar kuwa tana tafiya, injinta lafiya lau, in ya tayar da ita kaji har watsewa suke. Jikinta ne ya sha wuya. Wanda ya loda ta a kwantena ya cusa tsofaffin firji a gefenta, ɗaya ya zame a teku ya faɗa kan bonet, ya lotsa shi ya kankare fenti. Sannan ta yi makonni a tashar jirgin ruwa tana shan rana da iskar gishiri, jan ya koɗe ya yi fari-fari. Ni na ce a kawo ta Magazin, kwana uku mu fesa ta gaba ɗaya. Ya kalle ni kamar na ce a yanka ta.

"Masta, fentin asali ne a jikinta. Ba a rufe fentin asali, tashe shi ake yi. Bonet kaɗai za ka taɓa, shi ma a nan gida, a gabana."

"To Bature," na ce. "Mu da muke fenti tun kana wanke kwanuka ba mu san komai ba."

Ya kafa mata rumfar tamfol a tsakar gida saboda jemagun mangwaro. Ya kafa dokoki kuma. Ba a daka fufu kusa da ita, ba a suyar kifi in iska tana kaɗowa wajenta, ba a shanya a igiyar da ke samanta. Adwubi ta riƙe ƙugu ta ce, "Akwasi, gidan nan mutane aka haifa a ciki, ba mota ba. In kana so mu koma dafa abinci a titi ka faɗa."

"Yaya, wata huɗu kawai."

"Wata huɗun ƙaniyarka," ta ce, amma ta ja turminta zuwa bayan ɗaki.

Ni nakan zo da yamma in na tashi daga aiki, da kuma Lahadi bayan coci. Ban taɓa ganin mutum ya yi wa ƙarfe hidima irin haka ba. Ya kwance kujerun duka ya fito da su, ya wanke dardumar ƙasa sau uku har ruwan ya fito fari. Ramukan iska na gaban direba da burushin haƙori ya bi su, inda burushi bai shiga ba ya naɗa auduga a tsinke. Kowane wili yana da ƙananan ramuka sun fi talatin, ya naɗe ɗan yatsa da ƙyalle yana bin su ɗaya bayan ɗaya, wili guda kwana biyu. Fatar kujerun ta bushe ta fara tsagewa, man da ya taho da shi daga Jamus ya ƙare a kujera ɗaya. Adwubi ta miƙa masa man kaɗe a gwangwani ta ce abin da ya gyara kaushin ƙafarta ba zai kasa fatar saniya ba. Ya ce Allah ya kiyaye. Bayan kwana biyu na shiga motar na ji ƙamshin man kaɗe, na kalle shi, ya kalli gefe.

Aikin jikin shi ne babba. Da hannu ya yi shi, ba inji, tafin hannu ɗaya a lokaci guda: ya shafa man goge fenti, ya murza a hankali, ya share, ya karkata kai ya duba da hasken rana. Ranar farko da Adwubi ta ga tsumman ya yi ja ta ƙwalla ihu wai yana cire wa motar fenti. Ya ce mataccen ne yake fita, mai ran yana ƙasa. Gaskiyarsa ce kuwa. Ƙofa ɗaya ya gama, na ga fuskata a ciki har da gibin haƙorina.

Duk wannan aiki Nana Kwaten yana zaune a kujerarsa ta katako a bakin ɗaki, da sanda tsakanin gwiwoyinsa, yana kallo. Na kuma lura in Bempa ya koma ɗaya gefen motar, tsohon yakan ɗan ja kujerar don ya ci gaba da gani.

Sai aka zo kan bonet, wato aka zo kaina. Na buga lotsawar ta fito, na cike sauran ramin da ƙullin foti, na goge da samfefa da ruwa har ya yi sumul. Muka kewaye rumfar da leda, muka jiƙa ƙasa don ƙura ta kwanta, na kawo kwamfiresa da bindigar feshi a bayan tasi. Da sassafe muke yi kafin matan unguwa su fara shara. Kala kuwa da ido nake haɗawa, haka ubangidana ya koya min, kuma a Magazin in ana maganar jan fenti sunana ake kira.

Na fesa na farko. Ya bushe, Bempa ya tura motar rana, ya tsuguna, ya kalli bonet ya kalli gefen taya, ya ce, "Masta, naka ya ɗan yi ruwan lemo."

"Idonka ne ya yi ruwan lemo."

"A Jamus ba haka ake yi ba. Sai an gwada a ɗan ƙarfe tukuna, a kara shi da jikin motar."

Na haɗiye, na kankare, na sake. Na biyu ya ce kalar ta yi, amma fuskar fentin tana da ƙuraje-ƙuraje kamar bawon lemo, a Jamus ba haka ake bari ba. Wannan kalma ta "a Jamus" na ji ta ya fi sau ɗari a watannin nan: yadda nake riƙe samfefa, yadda nake wanke bindiga, har yadda nake ajiye murfin gwangwani. Na uku na yi shi da dukkan abin da na sani a shekara talatin. Ya fito kamar an zuba ruwa a kan gilashi, ba ka iya cewa ga inda nawa ya tsaya ga inda na asali ya fara. Na tsaya ina goge hannu ina jiran yabo. Ya zagaya sau biyu ya ce, "Ba laifi."

Ba laifi! Raina ya ɓaci har wuya. Ina so sau ɗaya tak in faɗi abin da bai sani ba, in ga ya gyaɗa min kai kamar ɗan makaranta. Sai na gyara murya na ce, "Boga, ji nan da kyau, wannan ba a koyar da shi a wurin wankin mota. Sabon fenti sai ya kwana arba'in kafin ya kama jikinsa. Kafin nan duk abin da yake da barasa, turare ne, giya ce, ko ɗigo ɗaya ya taɓa shi, zai ci shi har ƙarfe. In ya ci kuma babu gyara, sai dai a kankare a koma farko."

Ƙarya ce. Na zuba maganin ƙarfafa fenti daidai gwargwado, a zafin ranarmu ta Kumasi mako ɗaya ya ishe shi ya zama dutse. Amma Bempa ya zaro ido, ya gyaɗa kai, ya ce, "Ka ga wannan ban sani ba. Na gode, Masta." Daɗi ya kama ni har na saya wa kaina gasasshen nama a hanyar gida. Ya samo alli ya fara jan layi a bangon ɗakinsa kowace safiya. Ya daina fesa turare in zai je kusa da ita. Ranar cikar shekarar ta faɗo a kwana na talatin da ɗaya, na sani, na ga layukan da idona, kuma na yi shiru saboda janye maganar zai zubar min da girma. Ni da aka sha zuba wa motocin da na fesa giya a gabana, ko sau ɗaya tunanin Nana bai zo min ba.

Ranar Asabar ce. Tun hantsi gidan ya cika da dangi cikin zane fari da baƙi, bas ɗin da aka ɗauko wa sauran jama'a yana tsaye a ƙofar gida. Bempa ya yaye lulluɓin motar, mata suka saki guɗa, wani ya ce wannan ai sai a cire takalmi kafin a kalle ta. Shi yana tsaye a gefe da zanensa a kafaɗa da tsumma a hannun dama, yana ɗauke ƙurar da shi kaɗai yake gani.

Nana Kwaten ya fito a hankali. Ya zagaya motar da sandarsa, ya tsaya a ƙofar gaba ya kalli kansa a ciki ya gyara zanensa. Sannan ya juyo ya kalli ɗan 'yar'uwarsa ido cikin ido, karo na farko tun dawowarsa.

"Akwasi," ya ce, "ka yi aiki."

Adwubi ta sa gefen zane ta share ido.

Nana ya ce a kawo kwalbar giya. Aka kawo masa koriyar kwalbar nan mai kusurwa huɗu da ake zuba wa magabata. Ya miƙa wa Adwubi sandarsa, ya sauke zanensa daga kafaɗa zuwa ƙirji, ya zare ƙafa daga takalmi ya taka a kai. Ya ɗaga kwalbar sama ya ambaci Ubangiji, ya zuba a ƙasa ya ambaci ƙasa, ya shiga kiran kakanni ɗaya bayan ɗaya yana ɗiga musu, muna amsawa. Har nan babu abin da ya dame ni, a ƙasa yake zubawa, na ɗauka zai ƙare a kan taya kamar yadda aka saba.

Sai ya matsa taku biyu, ya miƙa hannu a kan bonet, muryarsa ta sauya.

"Afrakoma, ƙanwata, ga ɗanki ya dawo. Ga kuma..."

"Kawu, fentin!"

Ban ga lokacin da Bempa ya tsallaka ba. Tsumma yana hannunsa na dama, don haka da hagu ya cafke wuyan hannun tsohon ya fizge shi baya. Da hagu, a gaban dangi, ana tsakiyar kiran sunan uwarsa. Kwalbar ta suɓuce ta fashe a siminti. Nana da babu sanda a hannunsa ya yi taga-taga ya zauna daɓas a ƙasa, zanensa ya warware, ga tsoho ɗan shekara tamanin da gajeren wando a gaban 'ya'ya da jikoki.

Babu wanda ya yi motsi. Warin giya ya cika gidan. Adwubi ta ɗora hannu biyu a ka, bakinta a buɗe, kuka ya ƙi fitowa. Bempa ya kalli hannunsa na hagu, ya saki tsumman, ya sunkuya zai ɗaga kawunsa. Nana ya ɗaga masa tafin hannu, ya tsaya cak. Wasu maza biyu suka ɗaga tsohon suka naɗa masa zane. Bai yi faɗa ba, bai zagi kowa ba, da ya yi ma da ya fi sauƙi.

"Adwubi, ba ni sandata," ya ce. "Akwai sauran wuri a bas ɗin?"

Cikin minti goma gidan ya zama wayam, daga ni sai Bempa sai fasasshiyar kwalba. Ya zauna a dakalin ɗakinsa ya sa kai tsakanin gwiwoyi. Na matsa wajen motar. Giyar ta riga ta zuba a bonet, ta kai cikin cokali uku, ta gangaro har kan tambarin gaba. Na ciro hankicina na share. Babu tabo, babu dishi-dishi, fentin yana ƙyalli kamar ba abin da ya faru. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

"Masta," ya ce ba tare da ya ɗago ba, "ya ci?"

Nan ne ya kamata in faɗi gaskiya. Abin da ya fito daga bakina shi ne, "Ka yi sa'a, ka tare da wuri."

Duk da haka muka bi su. Ni na zauna a kujerar da aka shafa wa man kaɗe don Nana, muka yi tafiyar awa biyu. Labari ya riga mu isa. A bakin ƙauyen muka tarar da Adwubi tana tsaye a gefen hanya tana jiranmu. Ta leƙo ta taga, idanunta jawur.

"Akwasi, don girman Allah kada ka shiga. Samarin dangi sun ce in suka ga motar nan sai sun farfasa ta, kai ma ba su ce za su bar ka ba. Ka bari a yi wa Maame abinta lafiya."

Muka ja gefe ƙarƙashin wata bishiya. Daga nan muna jin ganguna, muna jin mai lasifika yana kiran sunayen 'ya'ya da jikoki. Da aka zo inda sunansa ya kamata ya fito sai aka tsallake. Sau biyu ke nan ana taruwa don uwarsa babu shi, na farko yana bayan teku, na biyu yana bakin gari a cikin motar da ta fi kowace mota a yankin kyau. Ya kifa goshi a sitiyari ya yi kuka irin na yara, ni kuma na kalli waje don ban cancanci in rarrashe shi ba.

Laifi irin wannan ba a barin sa ya kwana da yawa, kuma mai laifi ba ya roƙo da bakinsa, sai ya nemi wanda zai shige masa gaba. Bempa ya rasa wanda zai nema duk Tafo sai ni. Ya ce ni ne abokinsa na gaskiya, ni kaɗai na tsaya tare da shi ranar. Kowace kalma kamar yana watsa min ruwan zafi. Bayan mako biyu muka sayi farin rago da kwalba biyu, aka tara manyan dangi a tsakar gidan da yamma, Nana a kujerarsa, motar tana can ƙarƙashin tamfol a lulluɓe. Bempa ya sauke zane, ya cire takalmi, ya durƙusa. Ni na tsaya a gabansa na ɗora bayan hannun dama a tafin hagu, na fara jawabin da na shirya. Ban kai rabi ba na ji ba zan iya ba.

"Nana, ku gafarce ni, akwai abin da ban faɗa ba. Ni na ce masa giya za ta ci fentin. Ƙarya na yi, don kawai in nuna masa na fi shi sani. Babu abin da za ta yi wa fentin, ranar ma ta zuba na share, ko tabo babu. In akwai wanda ya kayar da kai ƙasa, ni ne."

Na ji Bempa ya ja numfashi a bayana. Ban iya waiwayawa ba. Adwubi ta ce, "Kai Oduro, Allah ya isa," a hankali, kamar ba da ni take ba. Na tsaya ina jiran hukunci, kuma ba zan ɓoye ba, wani ɓangare na zuciyata yana jin na yi abin kirki, na ɗauke wa abokina kaya.

Nana ya kalle ni ya ce, "Oduro, ka yi ƙarya, wannan tsakaninka da abokinka ne. Amma ina tambayarka. Da a ce gaskiya ka faɗa fa? Da a ce giyar za ta ci fentin har ƙarfe, sai ya zama daidai ya riƙe min hannu?"

Ashe kayan da na zo ɗauka ba su ɗaukuwa.

Nana ya ce ya karɓi ragon, ya karɓi kwalaben, magana ta mutu, kada wanda ya ƙara tayar da ita a dangi. Ya ɗora ƙafarsa a hannun Bempa ya sauke, alamar an yafe. Mutane suka fara sakin ajiyar zuciya. Sai Bempa ya rarrafa ya ɗauki kwalba ɗaya ya miƙa da hannu biyu.

"Kawu, don Allah ka ƙarasa. Ka juye ta duka a kai. Ka juye biyun. In kana so in kawo guduma ma zan kawo."

Nana bai karɓa ba. Ya kalli motar a lulluɓe, ya ce, "Ka san ni ba na zuba wa mota a ka, a taya nake zubawa. Uwarka ce. Tun da ka rubuto mata ka sayi jar mota, duk wanda ya zo gaishe ta sai ta ba shi labari. Takan ce, 'Ni in ta zo ba zan hau ba, jiri nake yi. Zan dai dafa kanta in ce sannu da hanya.' Har a gadon asibiti ta faɗa min. To ranar nan so na yi ta dafa."

Bempa yana durƙushe da kwalbar a sama.

"Na kira ta, Akwasi, ta zo, ka janye mata hannu. Kai na yafe maka. Amma ba ni da fuskar da zan sake kiranta a kan wannan mota, kunyarta nake ji."

Ya dafa sanda ya miƙe. Ragon yana ta jan igiya yana neman inuwar tamfol. Nana ya tsaya a bakin ɗakinsa ya waiwayo, kuma wallahi babu gatse a muryarsa, da zuciya ɗaya ya faɗa.

"Adwubi, ku ɗaure ragon nan nesa da motar, kada ya ɓata masa fenti."